Layin da Inna Tani Ta Danne

Kaltungo, 5 ga Satumba, 2024

Zuwa ga jikata Esta Yusufu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya kuma baƙunta a ƙasar Kano? Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ta ƙi ni, da kunnuwa da suka riga ni yin ritaya. Shi ya sa kika ga takarda. Kada ki ɓata lokacinki ki kira ni a waya, sai dai ki yi ta magana ina ce miki amin.

In kin manta da ni, ni ne Nuhu Ayuba, ƙanin kakarki Ruth, tsohon da ya riƙe miki lema bara ranar da muka binne mahaifinki. Sau biyu kawai muka taɓa haɗuwa, amma jika matar kaka ce, saboda haka ba zan ji nauyin aikenki ba.

Ga maganar. Shekara uku ke nan ina rubuta littafin zuriyar Inna Tani, wato mahaifiyata, kakar babanki. Mu uku ta haifa: Ruth, Comfort, sai ni auta. Su biyun sun tafi sun bar ni da biro a hannu. Daga Inna zuwa ƙasa na tara suna ɗari da goma sha bakwai, kowa da shekarar haihuwarsa. Daga Inna zuwa sama kuwa, fayau. Abin da na sani shi ne Bahaushiya ce daga Utai. Kuturta ta kai ta asibitin mishan a 1943, a can ta warke, ta karɓi bangaskiya, ta auri babanmu mai wanke wa marasa lafiya miki, ya kawo ta nan. Ba ta taɓa komawa ba. In ka tambaye ta labarin gida, sai ta tashi ta shiga madafa.

An ce mini Utai ba ta da nisa da Wudil. Ki daure ki je ki samo mini sunan mahaifinta da na mahaifiyarta. Suna biyu kacal nake nema. Farkon Disamba zan kai littafin wurin mai bugawa a Gombe, don a raba shi a taron iyali na Kirsimeti.

Amsa kuma ki ba Tasi'u direba. Duk Juma'a yana tsayawa a bakin gadar Wudil shan shayi kafin ya juyo gida.

Ki huta lafiya. Ni ne mijinki na wasa,
Nuhu Ayuba

Wudil, 19 ga Satumba, 2024

Kaka Nuhu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau. Ban manta da kai ba, kuma ban manta lemar yoyo take yi ba, kai ka jiƙe ni na jiƙe. Batun aure kuwa sai ka gyara kunne tukuna, ba zan zauna da mijin da ba ya jin ƙorafi ba.

Ka tambayi baƙunta. Wata takwas ke nan ina aiki a ɗakin karatu na jami'a. Ran Juma'a da yamma abokan aiki duk su watse zuwa Kano, a bar ni da ɗakina da risho. Ran Lahadi mu taru mu yi sujada, a gaisa, kowa ya kama gabansa. Tun da Baba ya rasu babu mai tambayata ko na ci abinci. Wasiƙarka sau huɗu na karanta ta.

Ran Asabar na hau babur zuwa Utai. Mai unguwa ya karɓe ni da mutunci, ya kira tsofaffi uku zaure. Da na ce Tani wadda aka kai asibitin kutare, sai suka dubi juna. Ɗayansu ya ce, "Ai 'yar Barau maƙeri ce, sunan uwarta Safara'u." To ga sunayenka biyu. Har na rufe littafina zan yi godiya, sai tsohon ya ƙara da cewa, "Amma me ya kawo ki nan? Ki je Indabo wurin ɗanta mana."

Kaka, ɗanta ya ce.

Ban koma gida ba, na sa mai babur ya juya Indabo. Sunan mutumin Malam Ɗantani. Zai kai tamanin da huɗu, yanar ido ta rufe masa gani, amma na same shi a gindin tsamiya yana tufka igiyar rama da lalube. 'Yarsa Suwaiba ce ke kula da shi, mijinta ya rasu ta dawo gida. Da ta gaya masa wadda ta zo, igiyar ta faɗi daga hannunsa, bai neme ta ba.

Ga abin da ya ba ni. Inna ta yi aure a Indabo kafin ciwon. Shi ne ɗanta na fari. Yana shekara uku tabon ya fito mata, aka ɗora ta a jaki aka tafi da ita, shi kuma kakarsa ta wajen uba ta riƙe shi. Aka ce masa ta mutu. Sai da ya yi aure wata gwaggonsa ta gaya masa ba mutuwa ta yi ba, 'yan mishan ta bi gabas, kuma gidan ubansa sun aika mata kada ta dawo. Na tambaye shi ko yana tuna fuskarta. Ya ce a'a, abu ɗaya ya riƙe: ranar da za a tafi da ita an hana ta taɓa shi.

Ya tambaye ni, "Ta haihu a can?" Na ce uku. Ya ce, "Akwai mai rai?" Na ce akwai ɗaya, namiji. Sai ya ce, "Ki ce ina gaishe shi."

Kaka, goshin Kaka Ruth ne a fuskar mutumin nan, har yadda take karkatar da kai in tana sauraro. Suwaiba ta dama mini fura, ta hana ni zama a kujerar baƙi, ta ce 'yar gida a tabarma take zama. Ban san yaushe rabon da a kira ni 'yar gida ba.

'Ya'yansa tara, jikoki sun wuce arba'in. Ka ƙaro takarda, littafinka zai yi ƙiba. Na yi masa alkawarin zan kawo masa amsarka.

Ni ce jikarka,
Esta

Kaltungo, 3 ga Oktoba, 2024

Esta,

Na gaishe ki, na kuma gode da ɗawainiya. Barau da Safara'u sun shiga littafi, a shafi na farko. Gwiwa tana nan yadda take.

Sauran maganar kuwa, ki zauna ki ji. Ke ma'aikaciyar ɗakin karatu ce, ban zaci fura za ta saye ki ba. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, ashirin ina magatakardan ikilisiya, kuma ban taɓa rubuta abin da ba ni da shaidarsa ba. Shaidu uku ne a gabana.

Na ɗaya, katin asibiti na 1943, wanda Inna ta ajiye a gwangwani har ta mutu. A wurin da aka tambayi 'ya'ya, Baturiyar asibitin ta rubuta babu. Na biyu, rajistar ikilisiyarmu ta 1956: Tani matar Ayuba, 'ya'ya uku. Na uku, Littafi Mai Tsarki na gidanmu, inda fasto ya rubuta mata sunayenmu. Ni da kaina na kwafe su cikin rajistata shekarar da ta rasu, 1988. Ruth, Comfort, Nuhu. Ba na huɗu.

Duk yarinyar da aka haifa ran Litinin a ƙasar Hausa ana iya ce mata Tani, kuma ba mace ɗaya kuturta ta kama a Utai ba. Goshi kuwa kowa yana da shi.

Shekara talatin da huɗu na yi tare da Inna. Ni nake ɗaura mata takalmi saboda yatsunta sun gutsure, ni na rufe mata ido. Matar nan ko gishiri ta ara sai ta faɗa. Kina so ki ce mini ta haifi ɗa, ta yi shekara arba'in da biyar ba ta ambace shi ko sau ɗaya ba, ko a addu'a, ko a kan gadon mutuwa? In haka ne, to ko dai ta yi wa asibiti da ikilisiya ƙarya, ko kuma ta yar da ɗanta ta manta. Zaɓi wanne kike so in buga a raba wa jikokinta ran Kirsimeti.

Ni kaɗai ne ɗa namiji a ɗakin Inna. Haka na tashi, haka aka san ni.

Na san kina cikin kaɗaici, kuma mutanen sun yi miki kirki. Allah ya saka musu. Amma abin da ba shi da takarda ba ya shiga littafina. Kada ki sa wa tsohon mutane rai.

Nuhu Ayuba

Kaltungo, 31 ga Oktoba, 2024

Jikata Esta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Juma'a uku ke nan ina jan gwiwata zuwa tasha, Tasi'u ya sauko ya buɗe mini tafin hannunsa, ba komai. Yanzu har yaran tasha sun san kujerata.

Na sake karanta kwafin wasiƙar da na aiko miki. Bakin malamin firamare ne, ya saba da jan biro. Ban ce ki daina rubuto mini ba, cewa na yi littafi yana da ƙa'ida. In kin ji kamar na ce ki fita daga harkata, ba haka nake nufi ba.

Gidan nan ya yi mini yawa. Tun da matata ta rasu na rufe ɗaki uku. 'Ya'yan suna Abuja da Jos, suna aiko saƙo ta waya, maƙwabci ya karanta mini. Suna ɗari da goma sha tara a littafi, amma kwano ɗaya nake wankewa.

Ki rubuto ko layi biyu ne, ko faɗa ne. Shi tsohon nan na Indabo, yana nan dai ko?

Kakanki,
Nuhu

Wudil, 7 ga Nuwamba, 2024

Kaka Nuhu,

Ina gaisuwa. Wasiƙunka biyu sun iso. Lafiyata lau, fushi ne ya hana ni rubutu, ba zan ɓoye maka ba. Da fushi da tsoro. Na yi wa makaho alkawarin amsa, amsar da ka ba ni kuwa ita ce uwarsa ta ce ba ta da ɗa. Da wane baki zan faɗa? Sai na daina zuwa Indabo. Asabar biyar ina kwance a ɗaki ina kallon silin.

Ran Litinin ɗin nan mai gadi ya ce ina da baƙuwa a ƙofa. Suwaiba ce, da ƙullin gyaɗa sabon haƙa. Ta ce, "'Yar gida, laifin me muka yi? Baba kullum ya ji ƙarar babur sai ya gyara zama." Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na nemi izini a ofis na bi ta, da wasiƙarka a jaka.

Na zauna gaban Malam Ɗantani na ce, "Kaka, labarin ba daɗi." Na karanta masa shaidunka uku, ban rage komai ba. Da na zo kan sunaye ya ce in maimaita a hankali. Yana lanƙwasa yatsa: Ruth, Comfort, Nuhu. Ina jira ya fashe da kuka, sai na ji Suwaiba ta kwashe da dariya.

Ta ce, "Yanzu wannan ne ya hana ki zuwa? To da me kuke so ta ce wa Baturiyar? Ta buɗe baki ta ce ina da ɗan fari, ga sunansa? Ai da an ce ba ta da kunya." Ta ce a nan mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta sa shi a lissafi, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle matan wancan zamani. In an tambaye ta sai ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Ni ɗin nan, 'ya'yana shida, amma ki tambaye ni a kasuwa ki ji in ban ce biyar ba. Babban yana da mata da 'ya'ya a Lajawa, har yau sunansa bai taɓa fita daga bakina ba." Wata maƙwabciya ce ta gaya mini Saifuddeen ne sunansa.

Na taɓa jin kunyar ɗan fari a makaranta, Kaka, amma a Jos na tashi, ban ɗauka tana bin mutum har cikin katin asibiti ba. Inna ta yi shiru, Baturiya ta rubuta babu. Shi ke nan shaidarka ta ɗaya.

Amma shi tsohon bai yi dariya ba. Ya ce, "Suwaiba, ki bari. Mai kunya tana yin shiru, wadda ta manta ma tana yin shiru. Takardar nan ba ta gaya mini wacce ce uwata a cikinsu ba." Ya juyo da kansa wajena ya ce, "Ke yarinya, a zuriyarta ta can, an taɓa sa wa wani yaro suna Yusufu?"

Na ajiye wasiƙar. Na ce me ya sa? Ya ce Ɗantani laƙabi ne da kakarsa ta sa masa. Sunansa na yanka Yusufu. Ban taɓa ji ba, don Suwaiba Baba take ce masa, sauran gari kuma Malam.

Na ce, "Sunan mahaifina ke nan." Ya ce, "To me take kiransa?"

Kaka, kai ka fi ni sani. Takwara take ce masa. Baba ya sha ba ni labarin. Duk jikoki tana kiransu da suna, tana tsokanarsu, tana ce wa mazan mazajena, amma shi in ya shigo sai ta kawar da kai. In za ta ba shi abu sai ta ajiye a ƙasa ta tashi. Ya ce ya taɓa tambayarta, takwaran wa? Ta shige madafa. Har a asibiti, sati biyu kafin ya cika, ya ce mini, "Har yau ban san abin da na yi wa Inna ba."

Da na ce Takwara, tsohon ya maimaita kalmar sau biyu. Sai ya juya mana baya, ya fuskanci tsamiyar. Kafaɗunsa kawai muke gani suna motsi. Suwaiba ta ja ni muka shiga cikin gida, muka bar shi. Da zan tafi ya ce, "Ashe tana sane da ni."

Ni kuma a kan babur na yi nawa kukan, har mai babur ya tsaya ya tambaye ni ko mutuwa aka yi. Baba ya tafi kabari yana zaton kakarsa ba ta ƙaunarsa, alhali shi kaɗai take gani ta tuna da wanda aka hana ta taɓawa. Wata goma sha huɗu kawai na makara.

Ba ni da takarda, Kaka. Abin da nake da shi ke nan.

Jikarka,
Esta

Wudil, 28 ga Nuwamba, 2024

Kaka,

Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Yanzu ni ce ke zuwa bakin gada Tasi'u yana buɗe mini hannu. Ya ce sati biyu bai gan ka a tasha ba. In rama shirun da na yi maka kake yi, to ka rama, mun yi daidai.

Na ƙirga kwanaki, na san littafin ya kusa tafiya Gombe, in ma bai riga ya tafi ba. Ba zan roƙe ka ba. Na sayi nawa littafin mai layi, duk Asabar Suwaiba tana faɗa ina rubutawa. Mun kai suna sittin da uku. In kai ba ka so su, ni ina so.

Abin da ya sa na rubuto, tun da sanyi ya fara sauka Kaka Yusufu bai fito gindin tsamiya ba. Tari yake yi, abinci kaɗan yake ci, igiyar ma ya bari. Mun kai shi an duba shi, sun ce tsufa ne da sanyin ƙirji. Ba ya tambayar littafi, bai ma damu da shi ba. Duk zuwana abu ɗaya yake cewa: "Ƙanina ya aiko?" Ran Asabar da ta wuce na ce masa hanya ce ba kyau. Ba na son in sake yi masa ƙarya.

In amsarka a'a ce, ka rubuta a'a, zan san yadda zan faɗa masa. Amma ka yi sauri.

Esta

Kaltungo, 5 ga Disamba, 2024

Jikata Esta,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ba ramuwa nake yi ba. Wasiƙarki ta farkon Nuwamba ta kwantar da ni, zazzaɓi ya zo ya ƙarasa. Sati biyu ban taka ƙofar gida ba. Yanzu na miƙe, ina cin abinci.

Da na karanta Takwara sai na ajiye takardar. Ranar sunan babanki ina shekara goma sha ɗaya. Da fasto ya ɗaga jaririn ya ce Yusufu, Inna ta tashi daga cikin mata ta fita. Muka ce rana ce ta dame ta. Daga nan abubuwa suka yi ta dawo mini ina kwance. In tana ba mu labarin Yusufu wanda 'yan'uwansa suka sayar, mai mafarkin nan take cewa. Mijin Maryamu kuwa, shi ma Yusufu, sai ta ce masassaƙin nan. Mu muna dariya, muna cewa Inna ba ta riƙe sunaye. Alhali har sunan Sarki Nebukadnezzar ta riƙe, Esta. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba.

Na ce miki ba ta taɓa ambatonsa a addu'a ba. Duk safiya takan jera mu, Ruth, Comfort, Nuhu, amma kafin Ruth takan ɗan tsaya. Na ɗauka numfashi take ja.

Da na sami ƙarfi na sa aka sauko mini da akwatin ƙarfe. Shekara talatin da shida rabona da buɗe Littafinta Mai Tsarki, don tun da na kwafe sunayen rajistata nake dubawa. Na buɗe shafin iyali. Sunan Ruth ba a layin farko yake ba, a na biyu yake. Layin farko babu komai.

Sai na tuna Ruth ta taɓa ba mu labarin muna dariya. Ranar da fasto ya zo rubutawa, ya sa alƙalami a sama, sai Inna ta danne layin da dungun yatsanta, ta ce ya fara daga ƙasa. Ya tambaye ta dalili, ta ƙi magana, kuma ta ƙi ɗaga hannun har ya sauka layi na biyu. Muka ce rashin boko ne. Ni kuma da na zo kwafewa, malamin da ke dukan yara in sun tsallake layi, sai na matsar da Ruth sama, na gyara wa Inna kuskurenta. Ta ajiye wa ɗanta wuri shekara talatin da uku, na goge shi da rana ɗaya. Shaidar da nake ta neman ki kawo tana cikin akwatina.

Na ji haushi da farko, ba zan ƙi faɗa ba. Ina ganin ni ne na san Inna, ni ne namijinta. Ashe ni na samu hannunta shekara talatin da huɗu, shi kuwa ko sallama ba a bar su sun yi ba. Ban ga abin da zan yi wa kishi ba.

Game da babanki, ba ni da abin da zan ce ya isa. Ina cikin masu tsokanarsa da sunan. Amma ki san wannan: duk ranar da aka yanka kaza, Inna takan ɓoye ƙirjin a ƙwarya ta ce mini, kai wa Takwara, kada ka ce ni ce. Ni kuma ban taɓa cewa ba. Na yi mata biyayya, da ma ban yi ba.

Littafi bai tafi Gombe ba, kuma ba zai tafi bana ba. Su jira. Ki riƙe naki mai layi da kyau, za mu haɗa su. Ni yanzu na huɗu ne a ɗakin Inna, kuma na gyara da jan biro.

A Littafinta kuwa ban rubuta komai ba. Na ɗauki biro sau biyu na ajiye. Sunan da ta ƙi furtawa saboda girmansa a wurinta, ba ni zan cike mata shi ba. Zan kawo Littafin zuwa Indabo. Tun da ba ya gani, ki kama hannunsa ki ɗora yatsansa a kan layin, a daidai inda ta ɗora nata. An hana ta taɓa shi, to wannan ne abin da ya rage.

Na riga na gaya wa Tasi'u ya ajiye mini gidan gaba ran Juma'a, goma sha uku ga wata. Ki jira ni a bakin gada. Za ki sha wahala da mu, shi ba ya gani, ni ba na ji, sai ki zauna a tsakiya. Amma kada ki jira Juma'ar. Ranar da wannan ta iso hannunki ki hau babur ki je ki ce masa ƙaninsa ya aiko, kuma yana tafe. Ki ce ya daure ya ci abinci.

Abu ɗaya kuma. Ki tambayar mini Suwaiba a asirce me yake so, goro ko zuma ko bargo. Shekarata saba'in, ban san abin da ake kai wa babban wa ba.

Ki gaishe mini da Yaya.

Kakanki,
Nuhu